Faɗi-Tashin Neman Bizar Aiki: Nazari a Kan Masu Fita Ci-Rani Daga Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

1.0 Gabatarwa

Bahaushe matafiyi ne tun fil azal. Fatauci ya kai shi Gwanja neman goro, almajiranci ya kai shi gabas neman karatu, ci-rani kuwa ya kai shi duk inda ya ji labarin ana samun na tuwo bayan amfanin gona ya shiga rumbu. A waɗancan zamunna guzurin matafiyi bai wuce jakinsa da sandarsa da sanin madugun da zai bi ba. A yau kuwa akwai wata 'yar takarda da ta gitta tsakaninsa da inda ya nufa, wadda in babu ita ko matakalar jirgi ba zai taka ba, watau biza.

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan bizar aiki: ma'anarta, da matakan da ake bi kafin a same ta, da wuraren da masu nema suka fi yin tuntuɓe, da kuma abin da kan biyo bayan samunta. An ɗauki Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a matsayin madubi saboda yanayinsu. Unguwannin biyu suna cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane fiye da 220,000. A wannan yanki ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, wanda aka kafa a 1988, a bakin titin Zariya. A nan ne kuma ofishin fasfo na Hukumar Shige da Fice yake, a Fam Santa, ga kuma tashar Unguwa Uku inda ake hawa motar Kaduna da Abuja. Saboda haka likita da ma'aikaciyar jinya da tela da direba da bazawara mai 'ya'ya duk sukan haɗu a kan titi ɗaya da niyya ɗaya, ko da yake hanyoyinsu sukan rabu tun kafin a je ko'ina. An fi mai da hankali ga ƙasar Saudiyya, domin can ne hankalin mutanen Kano ya fi karkata, amma za a taɓo wasu ƙasashe inda ya kamata.

Abin da ake son tabbatarwa ɗaya ne. Aiki shi ke haifar da biza, kuma daga hannun mai ɗaukar aiki take fitowa. Wanda duk ya juya wannan tsari, ya sayi biza tukuna sa'an nan ya tafi neman aiki, to, ya ɗauko wa kansa dala ba gammo.

2.0 Tafiya Gabas Kafin Zamanin Biza

Haɗa ibada da neman abinci a hanyar gabas daɗaɗɗen abu ne. Alhazan da suka tafi da ƙafa sukan bi ta Barno, su ratsa ƙasar Wadai da Darfur, su kai kogin Nilu, daga nan su gangara Suwakin a bakin Bahar Maliya, su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru, domin matafiyi yakan yada zango ya yi ƙodago ya tara guzurin zango na gaba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da jama'a zuwa Sudan, suka kafa garin da har yau ake kira da sunansa. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, dubban mutanen ƙasar Hausa da Barno sun yi aiki a cikinsu, wasu suka ƙarasa Makka, wasu kuwa zama ya kama su a can har jikoki.

Larabawa suna kiran mutanen Afirka ta Yamma da sunan Takarir, daga Takrur, wata tsohuwar daula ta bakin kogin Sanagal. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi amfani da kalmar a cikin sunan littafinsa Infaƙul Maisuri. Daga nan ne Hausa ta sami kalmar "takari", wadda a yau ma'anarta ta ƙuntata, ta koma kan mutumin da ke zaune a Saudiyya yana ƙananan ayyuka, galibi ba tare da takardar izni ba.

A 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa kamfanin jigilar alhazai da aka fi sani da WAPA, wanda sunansa ya bi kasuwar 'yan canji ta Fagge har yau. Mota da jirgin sama suka mai da tafiyar shekaru ta koma ta kwanaki, daga baya ta sa'o'i. A ɗaya ɓangaren kuma, an tono man fetur a Saudiyya a 1938, kuma bayan tashin farashinsa a 1973 ƙasar ta shiga gine-gine da buɗe asibitoci da makarantu, ta bukaci ma'aikata fiye da yadda 'yan ƙasa za su iya cikewa. Ƙidayar da Saudiyya ta yi a 2022 ta nuna cewa daga cikin mutane miliyan 32.2 da ke ƙasar, miliyan 13.4 baƙi ne. Ƙasar da baƙi suka kai wannan adadi dole ta sa ido a kan ƙofarta. Ke nan sauƙin hanya da tsananin takarda tare suka zo.

3.0 Ma'anar Biza da Kalmomin da Suka Danganci Ta

Da yawa daga cikin masu nema ba sa bambanta fasfo da biza da takardar zama, alhali kuwa abubuwa uku ne, kowanne da mai ba da shi. Fasfo takarda ce da gwamnatin Nijeriya ke ba ɗan ƙasarta don shaidar ko shi wane ne. Biza kuwa izni ne da ƙasar da za a je ke bayarwa, na zuwa bakin ƙofarta don wata manufa da aka ayyana. Akwai ta Hajji, da ta Umra, da ta ziyarar dangi, da ta kasuwanci, da ta aiki, kuma ba a yarda a yi amfani da ɗaya a madadin ɗaya ba. Takardar zama, wadda Larabawa ke kira iƙama, Hausawa kuma suke furtawa "igama", ita ce ake bayarwa bayan an sauka, kuma ita ce ainihin abin da ke halatta wa baƙo zama da aiki.

Wannan harka ta shigo wa Hausa da kalmomin aro daga harsuna biyu. Daga Ingilishi aka sami biza da fasfo da ejan da tikiti. Daga Larabcin Saudiyya kuwa aka sami igama da kafili da hurub da tarhil. Kafili shi ne mutumin ko kamfanin da ya ɗauki nauyin baƙo, wanda sunansa ke rubuce a kan igamarsa, tsarin kuma ana ce da shi kafala. Hurub shi ne rahoton da kafili ke kai wa hukuma cewa ma'aikacinsa ya gudu. Tarhil kuwa shi ne tasa ƙeyar baƙo zuwa ƙasarsu, har kalmar ta zama sunan gidan da ake tsare mutane kafin a sa su a jirgi, kamar na Shumaisi da ke tsakanin Jidda da Makka. Mai lura zai ga cewa kalmomin Ingilishin duk na kafin tafiya ne, na Larabcin kuwa na bayan sauka ne, kuma rabinsu na wahala ne. Harshe da kansa ya adana tarihin abin da matafiyan suka tarar.

4.0 Matakan Samun Bizar Aiki

4.1 Daga Wajen Mai Ɗaukar Aiki

Matakin farko ba a Kano yake ba. Kamfani ko asibiti ko magidanci a Saudiyya shi zai nemi izni daga Ma'aikatar Ƙwadago ta ƙasarsu na ɗauko baƙo, ya faɗi sana'ar da yake bukata da ƙasar da zai ɗauko daga cikinta. Kamfanoni suna yin wannan ta shafin intanet mai suna Qiwa, masu neman 'yan aikin gida kuwa ta Musaned. Ba kowane kamfani ake ba ba, domin tun 2011 akwai tsarin Niɗaƙat da ke auna yawan 'yan ƙasa da kamfani ya ɗauka, wanda ya gaza kuwa a rufe masa ƙofar ɗauko baƙi. Idan izni ya fito, yakan zo da lamba, sai mai ɗaukar aiki ya wakilta wani ofishi a Nijeriya ya kammala sauran aikin. Ta nan ejan ya shigo cikin maganar. Ashe ke nan ejan na gaskiya wakili ne kawai, abin da ke hannunsa amana ce ta wani.

A ɓangaren Nijeriya, Dokar Ƙwadago ta 1974 ta wajabta wa duk mai ɗaukar mutane aiki zuwa waje ya mallaki lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Lasisin sayar da tikitin jirgi ko na jigilar masu Umra daban yake da wannan, ko da ofishin ɗaya ne, allon ma ɗaya.

4.2 Fasfo

Mai neman fasfo yana bukatar lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma wajibi ne suna da ranar haihuwa su dace a takardun duka. A nan ne Bahaushe ya fi shan wahala, saboda al'adarmu ta suna. Mutum ɗaya yakan kasance Muhammadu a takardar firamare, Mamman a ta sakandare, ga sunan mahaifi a wata takarda, ga sunan unguwa ko gari a wata. Yawancin waɗanda aka haifa a gida kuma ba su da takardar haihuwa, sai ta rantsuwa a kotu. Kwamfuta ba ta san cewa Abubakar da Garba da Habu mutum ɗaya ne ba. Gyaran harafi guda yakan ci makonni.

Kuɗin fasfo ma ya yi ta hawa. Daga 1 ga Satumba 2024 mai shafi 32 ya koma Naira 50,000, mai shafi 64 kuwa Naira 100,000. Bayan shekara ɗaya cif, a Satumban 2025, aka ninka su zuwa Naira 100,000 da 200,000.

4.3 Tantance Takardun Ilmi

Wanda zai tafi da sana'ar hannu ba ya daɗewa a wannan mataki, amma ma'abucin digiri a nan yake yada dogon zango. Takardun shaidarsa sai sun bi ta Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, kafin ofishin jakadancin Saudiyya ya buga nasa hatimin. Ga likita da ma'aikacin jinya da mai haɗa magunguna akwai ƙari. Hukumar Saudiyya mai kula da ƙwararrun ma'aikatan lafiya, wadda aka kafa a 1992, ba ta karɓar takarda sai kamfanin DataFlow ya tuntuɓi jami'ar da ta ba da ita da asibitin da mutum ya yi aiki, sun tabbatar. Bayan haka akwai jarrabawar Prometric, da takardar shaidar kyakkyawan hali daga majalisar da ke kula da sana'arsa a Nijeriya. Idan wasiƙar tantancewa ta kwanta a teburin wani magatakarda, ko jami'a tana yajin aiki, sai mai nema ya zauna jira, wa'adin wasu takardunsa kuma yana ƙarewa.

Hukumomin gida ma sukan ja birki. A Fabrairun 2024 Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta fito da sharaɗin cewa sai mutum ya yi aikin shekara biyu kafin a tantance masa takardu zuwa waje. Ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga a Abuja da Ikko, aka kuma yi watanni shafin tantancewar yana rufe.

4.4 Gwajin Lafiya

Ƙasashen Larabawa na yankin Tekun Fasha ba sa wasa da wannan mataki. Ana yin gwajin ne a asibitin da suka amince da shi kaɗai. Ana ɗaukar hoton ƙirji don tarin fuka, a gwada jini don cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta, mace kuma a duba ko tana da juna biyu. Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a ƙasar nan, kuma yakan zauna a jikin mutum shekaru ba tare da wata alama ba. Sau da yawa saurayi lafiyayye, wanda ya riga ya sayar da babur ɗinsa ya biya ejan, a ɗakin gwajin nan yake fara jin cewa yana ɗauke da shi. Hikima ita ce mutum ya fara gwada kansa a asibitin gwamnati kafin ya fitar da ko kwabo. Sayen sakamakon ƙarya kuwa ba ya fid da kowa, domin ana sake gwajin a can kafin a ba da igama, wanda ya faɗi kuma a juyo da shi.

4.5 Ofishin Jakadanci

Bayan an haɗa fasfo da yarjejeniyar aiki da sakamakon gwaji da takardar 'yan sanda mai shaidar cewa mutum ba shi da laifi, sai a ɗauki hoton yatsunsa, a miƙa takardun ga ofishin jakadanci. Saudiyya tana da babban ofishi a Abuja da ƙarami a Kano. Idan biza ta fito, ana so a yi amfani da ita cikin kwana 90. Ana iya duba sahihancinta da lambarta a shafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Saudiyya, inda za a ga nau'inta da sana'ar da aka rubuta. Wannan bincike na 'yan mintoci ne a kowane shagon intanet na titin Zariya, amma kaɗan ne ke yin sa.

5.0 Wuraren Tuntuɓe

5.1 Dillalai

Tsakanin mai nema da ofishi mai lasisi akwai jerin dillalai, kowanne da nasa la'ada. Na ƙarshensu galibi sananne ne: maƙwabci, ko abokin sallah, ko wata hajiya mai shiga gidajen biki da suna. Wannan sanayya ita ce ƙarfin harkar, ita ce kuma rauninta. Kunya takan hana mutum neman rasit daga wanda ya girme shi, in abu ya lalace kuma a ce a bar wa Allah don kada zumunci ya ɓaci. Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, sashe na 40 na Dokar Ƙwadago ta Saudiyya ya ɗora kuɗin ɗauko ma'aikaci da na igamarsa da na tikitin komawarsa gida a wuyan mai ɗaukar aiki. Idan aka ce ma'aikaci ya kawo miliyoyi "kuɗin biza", ya kamata ya tambaya: kuɗin mene ne, kuma aljihun wa za su shiga?

5.2 Firi Biza

Akwai abin da dillalai ke kira "firi biza", watau wai mutum ya shiga ƙasa ya yi aikin da ya ga dama. A dokar Saudiyya babu biza mai wannan suna. Abin da ke faruwa shi ne, wani ɗan ƙasa yakan karɓi iznin ɗauko ma'aikaci alhali ba shi da aikin ba shi, sai ya sayar da iznin. Baƙon yakan sauka ya shiga gari neman aiki, yana biyan kafilin nan wani abu duk wata ko duk shekara. Sashe na 39 na dokar ya haramta wa baƙo yin aiki a wajen wanda ba kafilinsa ba, saboda haka tun ranar da ya fara aiki mai laifi ne. Ran da suka saɓa da kafilin kuwa, rahoton hurub guda ya isa ya rushe duk abin da ya gina.

5.3 Fakewa da Umra

Hanya mafi daɗewa ita ce a tafi da bizar Umra ko ta ziyara a ƙi dawowa. Mai yin haka ba shi da igama, don haka ba shi da ikon buɗe asusun banki, ko kama haya da sunansa, ko kai ƙara in an cinye masa haƙƙi. 'Ya'yan da ya haifa a can sukan tashi ba takardar kowace ƙasa. Hukuncin wanda ya wuce wa'adi yakan kai tarar Riyal 50,000 da ɗaurin wata shida, sa'an nan tarhil. A Nuwamban 2013, bayan wa'adin afuwa ya cika, hukumomin Saudiyya sun yi gagarumin kame, aka kuma sake wani a 2017. Jiragen da suka sauke waɗanda aka koro a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ba su ƙirguwa.

Illar wannan ba ta tsaya a kan masu yin ta ba. A Satumban 2012 an tsare mata maniyyata 'yan Nijeriya fiye da 1,000 a filayen jiragen Jidda da Madina a kan batun muharrami, aka dawo da da yawa daga cikinsu. A Nuwamban 2023 wani jirgi ya tashi daga Ikko ya biyo ta Kano da fasinja 264, da ya sauka Jidda aka soke bizar 177 daga cikinsu, aka juyo da su. Hukumomin Saudiyya sun ce bayanan da aka bayar wajen neman bizar ba su dace da nau'in da aka ba su ba. Wannan ya nuna cewa ko biza tana hannu, maganar ƙarshe tana bakin jami'in da ke bakin ƙofa. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

5.4 Mata 'Yan Aikatau

Mata su suka fi shiga haɗari, musamman zawarawa da 'yan matan da aka yi wa alkawarin aikin shago ko na asibiti, suka sauka suka tarar da wanke-wanke da raino. Mai aikin gida tana bayan ƙofa, ba mai ganin halin da take ciki, wani lokaci a karɓe mata fasfo da waya, ko da yake dokar ƙasar ta hana riƙe fasfon ma'aikaci. Idan dillali ne ya biya mata kuɗin tafiya, takan yi watanni tana aiki albashin yana tafiya wajen biyan bashi. Irin wannan ya shiga ƙarƙashin fataucin mutane, wanda aka kafa hukumar NAPTIP a 2003 don yaƙi da shi, kuma tana da ofishi a Kano.

5.5 Sauyin Dokoki

Ko wanda ya bi ƙa'ida sau da ƙafa bai tsira daga sauyin manufofin gwamnatoci ba. A Oktoban 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Nijeriya biza, ba a buɗe ba sai a Yulin 2024, waɗanda suka riga suka biya kuɗin zuwa Dubai suka yi ta zaman jiran tsammani. A Ingila, inda nan ma biza ba ta fitowa sai da takardar ɗaukar nauyi daga ma'aikatar da gwamnati ta ba lasisi, an hana masu aikin kula da tsofaffi tafiya da iyalansu daga Maris 2024, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko su daga waje gaba ɗaya.

6.0 Bayan an Sauka

Samun biza rabin tafiya ne. Wajibi ne kafili ya fitar wa ma'aikaci da igama cikin kwana 90, kuma akwai lokacin gwaji wanda zai iya kaiwa kwana 180, wanda a cikinsa ana iya sallamar mutum. Idan an sami saɓani tsakanin yarjejeniyar da aka rubuta da Larabci da fassararta, ta Larabcin ita kotu ke bi. Kano ba ta rasa masu Larabci ba, kowace unguwa akwai malamai da ɗaliban da suka yi karatu a Madina ko Azhar. Kai musu takardar su karanta kafin a sa hannu ba ya cin ko sisi.

A ranar 14 ga Maris 2021 Saudiyya ta sassauta tsarin kafala. Ma'aikacin kamfani ya sami damar sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya, da fita ƙasar ba tare da sa hannun kafili ba. Sai dai sassaucin bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya da masu aikin gona ba, alhali kuwa a nan ne talakawan da ke fita daga unguwanninmu suka fi yawa. Mai son ɗauko iyali kuma ya san cewa tun Yulin 2017 ake biyan haraji a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa, wanda ya fara daga Riyal 100 a wata, ya kai 400 a 2020.

7.0 Riba da Hasara

Duk da waɗannan matsaloli, layin ofishin fasfo bai ragu ba, kuma dalilin a fili yake. Tun 1986 Riyal 3.75 ke daidai da Dalar Amurka ɗaya, Naira kuwa bayan an sake ta a Yunin 2023 ta faɗi har Dala ta haura Naira 1,500 a 2024. A wannan lissafi Riyal 1,000 ya kama Naira 400,000, a shekarar da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya ya koma Naira 70,000. Ga shi ba a cire harajin albashi a can, kuma wanda ya kammala wa'adinsa yana da kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan. Ga Musulmi kuma akwai kusanci da Ɗakin Allah, wanda ba a yi masa kuɗi. Gidaje da yawa a Darmanawa da Hotoro da Unguwa Uku da kuɗin waje aka gina su, da su aka aurar da 'ya'ya, aka biya kuɗin makarantar ƙanne.

Amma al'umma tana biyan nata farashin. A Agustan 2021, lokacin da likitoci masu neman ƙwarewa ke yajin aiki, ɗaruruwan likitoci sun yi cincirindo a otal-otal na Ikko da Abuja don ganawa da masu ɗaukar aiki na Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar a 'yan shekarun da suka gabata. Da yawansu da dukiyar jama'a aka horar da su, kuma gurbin da suka bari majinyacin da ya taso daga ƙauye tun asuba shi ke jin zafinsa.

8.0 Kammalawa

An ga yadda tafiyar da kakanni suka yi da ƙafa ta koma ta takarda, da matakan da takardar ke bi, da ramukan da ke kan hanya. Likita da tela suna iya fitowa daga layi ɗaya a Gyaɗi-Gyaɗi, amma na farko yakan sha wahalarsa a gida wajen tantance takardu, ya huta a can, na biyu kuwa sau da yawa yakan sami sauƙi a gida a hannun dillali, ya tarar da wahalar tana jiransa a can. Bambancinsu bai tsaya ga ilmi kaɗai ba, ya haɗa da cewa ɗaya ya san wanda zai yi wa aiki tun kafin ya tashi, ɗayan kuwa bai sani ba.

Tambayoyi huɗu sun isa su tsare mai niyya: wane ne kafilin, wace sana'a aka rubuta a bizar, ina yarjejeniyar da adadin albashi, ina kuma lasisin ejan? Wanda aka kasa amsa masa ɗaya daga ciki, ya riƙe kuɗinsa. Akwai kuma aiki a gaban masana harshe. Kusan duk takardun da aka ambata a nan da Ingilishi ko Larabci suke, masu sa hannu a kansu kuwa da Hausa suke tunani. Fassara su, da bayyana su a rediyo da masallatai da makarantun Islamiyya na matan aure, aiki ne da ya dace da ɗaliban sashen Hausa, tun da Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma sai in ya sami wanda zai amsa masa da harshen da yake ji.